Daga Panama Zuwa Tonga da Ƙarfin Iska: Yadda Ake Ƙetare Kudancin Fasifik

Tsakanin tsibiran Galapagos da na Markesas akwai mil kusan 3,000 na ruwa zalla, babu tudu ko guda. Babu inda za ka tsaya shan mai, babu asibiti, kuma jirgi mai saukar ungulu ba ya iya kaiwa can ya dawo. Duk da haka kowace shekara ɗaruruwan ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska suna bin wannan hanya, yawancinsu tsawonsu bai wuce mita 12 zuwa 15 ba, da yawa kuma miji da mata ne kaɗai a ciki. Galibinsu suna sauka lafiya. Waɗanda suka gamu da hasara kuwa, in ka bi diddigin labarinsu, da wuya ka tarar tsakiyar teku ce ta cinye su. Ko dai sun tashi ba a kan kari ba, ko gajiya ta ci ƙarfinsu, ko ɗokin sauka ya sa sun tunkari tsibiri cikin duhu.

Kafin mu yi nisa, ga ma'aunin masu wannan sana'a. Mil ɗin teku mita 1,852 ne, da shi ake auna nisa, da shi kuma ake auna gudun jirgi da na iska a awa guda. Jirgi mai tsawon mita 12 yakan ci mil 120 zuwa 150 a yini da kwana. Ke nan wancan dogon zango zai ɗauke ka mako uku zuwa huɗu, in iska ta yi rowa kuma har ya zarce wata.

Kalanda kafin kamfas

A kudancin Fasifik lokacin mahaukaciyar guguwa yana kamawa daga Nuwamba zuwa Afrilu. Daga Mayu zuwa Oktoba kuwa iskar kudu maso gabas ce ke kaɗawa kusan kullum, tana tura jirgi yamma daga bayansa. Duk tafiyar a kan waɗannan watanni aka gina ta. Jirage suna barin Panama tsakanin Fabrairu da Afrilu, su isa Markesas daidai ƙarshen lokacin guguwa, su yi watanni suna bin tsibirai ɗaya bayan ɗaya, sannan kafin Nuwamba ya yi nisa su fice daga yankin, yawanci zuwa New Zealand ko Ostareliya. Wanda ya makara a Panama saboda gyaran inji, zai biya bashin a ƙarshen tafiya, lokacin da sararin sama ya fara canza fuska.

Ka kuma bincika ko shekarar ta El Nino ce. A irin wannan shekara iskar gabas takan yi rauni, guguwa kuma takan kai gabas fiye da inda ta saba. A kakar 1982 zuwa 1983 guguwa ta yi ta dukan tsibiran Folinesiya ta Faransa a jere, wurin da a wasu shekaru ba ta cika leƙawa ba.

Zangon farko, daga Panama zuwa Galapagos, mil 900 ne ko ƙasa kaɗan, amma yana ratsa yankin da iskar arewa da ta kudu suke haɗuwa kusa da ikwaita. Can iska takan ɗauke ɗif, ko ta zo da ruwan sama da tsawa daga kowace kusurwa, don haka a nan ne za ka ƙona mai. Tsayawa a Galapagos na buƙatar izini tun kafin isowa da wakili na gari, kuma jami'ai suna duba gindin jirgi don kada ka shigo musu da halittun wani ruwa. Wannan ya sa wasu suke wucewa kai tsaye zuwa Markesas, mil kusan 4,000. Kowace ka zaɓa, kada ka miƙe yamma ɗoɗar. Fara gangarawa kudu maso yamma har sai ka sami iska mai ɗorewa, sannan ka juya goshin jirgi yamma.

Abin da ke lalacewa a doguwar tafiya ba baƙon abu ba ne. Igiya tana gugar ƙarfe dare da rana har ta tsinke. Wayoyin ƙarfen da ke riƙe da ginshiƙin jirgi suna gajiya a wurin haɗinsu. Na'urar da ke riƙe sitiyari da kanta tana shan batir, wata rana kuma ta ƙi aiki. Saboda haka wayoyin da suka haura shekara goma a canza su tun a tasha, a ɗauki na'urar tuƙi ta biyu ko irin wadda iska ke sarrafawa ba da lantarki ba, a kuma gwada sandar tuƙi ta gaggawa a ga ta shiga gurbinta tun ba a buƙace ta ba. Da zarar an fita, kowace safiya mutum ɗaya ya zagaya jirgi yana taɓa igiyoyi, yana duban ƙusoshi. Ƙusa guda da ka tsinta a daɓen jirgi daga wani wuri ta faɗo, kada ka zauna sai ka gano wurin.

Ruwan sha kuma a lissafa shi kamar babu injin tace ruwan gishiri, ko da akwai shi. Lita huɗu ga kowane mutum a rana don sha da girki, a ninka da kwanakin da ake zato, a ƙara rabinsu a kai. Kada a zuba shi duka a tanki ɗaya, a raba wani cikin jarkoki, don tanki yana iya yoyo ko ruwan gishiri ya shige shi. Wanke-wanke da wanka da ruwan teku ake yi, a ɗauraye da kofi guda na mai daɗi. Musulmi kuma ba shi da damuwa ta wannan fuska, ruwan teku mai tsarki ne, alwala da shi ta inganta. A dafa abincin kwana uku na farko tun kafin tashi, domin a kwanakin ne jiri da amai suke kama kusan kowa. Maganin jirin teku a gwada shi a tudu a ga yadda yake yi wa jiki, citta ma tana taimakon wasu.

Rage ƙyalle

In da za a ce in zaɓi abu guda da mai koyo zai ƙware a kai kafin ya bar ganin tudu, rage ƙyalle zan zaɓa. Ƙyallen nan da ke kama iska shi ne injin jirgi, kuma ƙarfin da iska ke dannawa a kansa ba ya hawa daidai da gudunta. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ya ninka huɗu. Ƙyallen da ke jan jirgi cikin natsuwa a iska mai mil 15 a awa, shi ne zai kwantar da shi a kan gefensa in ta kai 30. Babban ƙyalle yana da matakai biyu ko uku na naɗewa, na gaba kuma ana nannaɗe shi a jikin wayarsa. Tsofaffin matuƙa sun yi ittifaƙi cewa lokacin ragewa shi ne lokacin da tunanin ragewar ya fara zo maka. Ni ma a nan na tsaya, har ina ƙarawa da cewa a rage mataki ɗaya kowace magariba ko da sama tana garau. Za ka yi asarar 'yan mil kaɗan a dare, amma ba za ka tashi abokin tafiyarka ƙarfe biyun dare ya hau daɓe mai santsi cikin duhu ba.

Akwai tarko a tafiya da iska a baya. Tun da jirgi yana gudu tare da ita, ba ka jin ainihin ƙarfinta a fuska. Iska mai mil 25 a awa sai ka ji ta kamar 18, ka yi zaton komai lafiya, sai ka juya jirgi ka gane abin da kake ciki. Ka riƙa duban raƙuman ruwa da farin kumfar da ke kansu, kada ka dogara da abin da fatarka ta gaya maka. Sannan sandar kwance da ke riƙe da gindin babban ƙyalle, dole a ɗaure ta da igiya zuwa gaban jirgi. In toroƙo ya karkata jirgi iska ta shiga bayan ƙyalle, sandar takan watso daga wannan gefe zuwa wancan da ƙarfin da ke fasa kai ko karya ginshiƙi.

Hadarin dare na yankin zafi gajere ne amma ba ya sallama. Alamarsa ita ce taurari su ɓace a wani yanki na sama ta inda iska ke fitowa, sai ka ji wani sanyi ya taɓa ka. Sau da yawa iskar tana riga ruwan isowa, tana iya ninka ƙarfinta cikin minti ɗaya ko biyu, bayan rabin awa kuma ta wuce ta bar ka cikin tsit. Da ka ga baƙin, nannaɗe ƙyallen gaba, rufe tagogi, karɓi sitiyari da hannunka, ka karkata jirgi ya bi bayan iska. In ruwan ya sauka sosai, bari ya wanke gishirin da ke jikin ƙyalle tukuna, sannan ka tari na sha.

Gadi da barci su ne sauran rabin aikin. Mutum biyu sukan yi karɓa-karɓa na awa uku ko huɗu, mutum uku kuwa sun sami sauƙi ƙwarai. Mai gadi ya miƙe ya dubi kowace kusurwa duk minti goma zuwa goma sha biyar, domin babban jirgin dakon kaya yana iya fitowa daga ƙarshen gani ya iso kanka cikin minti ashirin. Na'urar AIS tana nuna manyan jirage, amma ba kowane jirgin kamun kifi ne ke kunna ta ba. Wanda ba ya gadi ya kwanta ko da barci bai zo ba. Kyaftin ɗin da ya ce shi zai yi komai, a kwana na huɗu shi ne zai karanta taswira a karkace. Dokar da ba a sassauta wa kowa kuwa ita ce ta ɗamara: da dare, ko lokacin da kake kai kaɗai a sama, rigar ceto a jiki, igiyarta a maƙale da jirgi, kuma ba a barin wurin tuƙi zuwa gaba sai an tashi wani. Wanda ya faɗa ruwa da dare alhali abokinsa na barci, jirgin zai ci gaba da tafiya shi kaɗai har awa uku.

Tsibiran da ba a gani

Markesas duwatsu ne masu tsayi, ana hango su daga nesa, kuma ba su da katangar murjani a kewaye. Ka shiga ta Atuona a tsibirin Hiva Oa ko Taiohae a Nuku Hiva, nan ne ake yin rajistar shigowa. Jarrabawar tana gaba, mil 500 kudu maso yamma, a tsibiran Tuwamotu.

Waɗannan zobba ne na murjani sama da saba'in, kowanne da tafki a cikinsa. Tudunsu bai fi 'yan mitoci a saman ruwa ba, abin da za ka fara gani kawunan bishiyar kwakwa ne, shi ma sai ka matso kamar mil takwas. Ta gefen kudu kuwa wasu ba su da bishiya sam, murjani ne kwance daidai fuskar ruwa. Bougainville, matuƙin Faransa da ya ratsa su a 1768, tsibirai masu haɗari ya kira su. A kan murjanin Raroia ne jirgin ruwan Kon-Tiki na Thor Heyerdahl ya ƙare tafiyarsa a 1947, bayan kwana 101 a teku.

Kada ka ce ai yanzu akwai GPS. GPS yana gaya maka inda kake, amma taswirar da ya ɗora ka a kai tana iya zama ta tsohon awo. Taswirar kwamfuta kuma tana ɓoye ƙananan duwatsu in ba ka zuƙo hoton kusa ba. A Nuwamban 2014 jirgin tsere na Team Vestas Wind, cike da ƙwararru, ya hau murjanin Cargados Carajos a tekun Indiya da dare, wurin kuwa yana cikin taswira, sai dai bai fito a girman hoton da suke dubawa ba. Allah Ya sa ba a rasa rai ba. Saboda haka kafin tashi ka bi layin tafiyarka kaf da hoto a zuƙe, ka gwama da taswirar takarda da hoton tauraron ɗan'adam.

Shiga tafkin sai ta ƙofa, wato tsagar da ke jikin zoben. Rangiroa, mafi girmansu, tana da biyu, Tiputa da Avatoru. Ruwan da ke shiga da fita ta irin wannan ƙofa yana iya gudun mil shida ko fiye a awa, daidai da iyakar ƙarfin injin ƙaramin jirgi. In ruwan yana fita iska kuma tana tura shi ciki, sai raƙuman ruwa su miƙe tsaye a bakin ƙofar. Ana shiga ne a ɗan tsakanin da teku ya gama cikowa ko ya gama janyewa, ruwa ya tsaya. Jadawalin cikowar teku zai ba ka kimanin lokacin, amma kimani ne kawai. In babban toroƙo daga kudu ya kwana biyu yana tsallake murjani yana cika tafkin, ruwa zai yi ta fita yini guda ba tsayawa. Don haka ka iso da wuri, ka yi shawagi a waje, ka dubi ƙofar da tabarau mai hangen nesa har sai ka ga ta lafa.

Haske ma sharaɗi ne. Rana ta kasance a sama kuma a bayanka, wajen ƙarfe goma na safe zuwa biyu na rana. Mutum ɗaya ya tsaya a goshin jirgi, in da hali ya ɗan hau sama, da baƙin tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, yana nuna hanya da hannu. Shuɗi mai duhu zurfi ne, kore mai haske ruwa ya fara gajarta, ruwan ƙasa ko rawaya kuwa kan murjani ne, ka kauce. Wannan duka yana nufin tun daga Markesas za ka lissafa lokacin isowarka. In lissafi ya nuna da tsakar dare za ka iso, rage gudu tun da sauran mil ɗari, ko ka tsayar da jirgi nesa da tudu ka jira gari ya waye. Sannu ba ta hana zuwa. In ka sauke anga a ciki, ɗaura wa sarƙar 'yan balan-balan masu iyo don ta tashi daga ƙasa, kada ta nannaɗe murjani ta karya shi ta kuma ɗaure ka. Kifin tafki kuma kada ka ci sai ka tambayi mutanen wurin, domin wasu suna ɗauke da gubar siguwatera wadda dafuwa ba ta kashewa.

Tsakanin Bora Bora da Tonga

Wannan zango mil 1,300 ne, bai kai rabin na Galapagos zuwa Markesas ba, amma shi ne matuƙa suka fi jin jiki a cikinsa. Dalili uku ne. Akwai wata ɗamarar gajimare da ke miƙewa daga tsibiran Solomon zuwa kudu maso gabas ta wajen Samowa da tsibiran Cook, tana matsawa kudu da arewa, tana kawo ruwa da iska mai juyi. Akwai iskar da mutanen Tahiti ke kira maraamu, wadda ke tasowa daga kudu maso gabas musamman tsakanin Yuni da Agusta, ta yi kwanaki tana kaɗawa da mil 25 zuwa 30 ko fiye. Sannan akwai toroƙon da guguwar can ƙuryar kudu ke aikowa, ya zo ta gefe ya haɗu da raƙuman da iskar gabas ta tayar. Jirgi sai ya riƙa tangaɗi ta fuska biyu, tukunya ba ta zama a murhu, mutum ba ya zama a gado sai da shingen zane. Matuƙan gargajiya na waɗannan tsibirai da irin wannan toroƙo suke gane hanya. Mau Piailug, mutumin tsibirin Satawal, ya kai kwalekwalen Hokule'a daga Hawaii zuwa Tahiti a 1976 ba kamfas ba taswira, da taurari da motsin ruwa. Kai ma ka koyi rarrabe toroƙo da raƙuman iska, domin sabon toroƙo mai tsawo yakan riga mugun yanayi isowa.

Hasashen yanayi ana sauke shi ta wayar tauraron ɗan'adam sau ɗaya ko biyu a rana. Ka yarda da shi na kwana uku, bayan haka ka ɗauke shi a matsayin zato, kuma ka sa a ranka cewa bugun iska zai fi abin da ya rubuta. Rubuta ma'aunin nauyin iska a littafin jirgi kowane canjin gadi. Wuraren fakewa a hanya kaɗan ne kuma ba su da tabbas. A Palmerston da Niue a buɗaɗɗen gefen yamma ake ɗaure jirgi, in iska ta juyo yamma dole ka kwance ka fita ko da tsakar dare ne. Murjanin Beveridge kuma yana kwance a tsakiyar hanya ba bishiya ko ɗaya, ka ba shi tazara mai yawa.

In abin ya yi tsanani, mutane sun gaji, akwai dabarar tsayar da jirgi a tsakiyar ruwa. Rage babban ƙyalle zuwa matakin ƙarshe, bar ɗan kaɗan na gaba. Juya goshin jirgi ya ratsa iska amma kada ka saki igiyar ƙyallen gaba, sai iska ta cika shi ta bai-bai. Sannan murɗa sitiyari ta wajen iska ka ɗaure. Ƙyallen biyu za su riƙa ture juna, jirgi ya tsaya a karkace yana fuskantar raƙuman ruwa, yana zamewa a hankali. Hayaniya takan ragu har a dafa abinci a yi barci. Kowane jirgi da yadda yake karɓar wannan, don haka a gwada a rana mai sauƙi. Abin da ake gudu shi ne raƙumin ruwa mai fashewa ya daki jirgi a gefe, domin wanda tsayinsa ya kai faɗin jirgin yana iya kifar da shi.

Kada kuma tsoro ya sa a bar jirgin da bai nutse ba. A tseren Fastnet na 1979 a ruwan Birtaniya mutum 15 cikin 'yan tseren suka rasu. An gudu an bar jirage 24, daga baya aka samo 19 cikinsu suna iyo, alhali wasu daga cikin mamatan a kwalekwalen ceto na roba ajali ya same su. Kwalekwalen ceto da na'urar EPIRB mai aika kiran agaji ta tauraron ɗan'adam dole ne a jirgi, a yi wa na'urar rajista da sunansa, amma ba a shiga kwalekwalen sai ruwa ya ci jirgi ko wuta ta gagara.

Daga Niue zuwa Tonga za ka tsallake layin canjin rana, kwana guda ya fita daga kalandarka. Lissafa da shi, domin ranar Lahadi a Tonga doka ta hana aiki da ciniki, gara ka iso tasharta ta Neiafu a ranar aiki. Fiji da New Zealand suna son sanarwar isowa aƙalla awa 48 kafin ka shigo. A ƙauyukan Fiji kuma ba a sauke anga a kama yawo, sai an kai wa sarkin gari saiwar kava an nemi izini, al'adar da suke kira sevusevu, kamar dai yadda baƙo ke kai goro gaban mai gari. Zangon ficewa zuwa Opua a New Zealand ya ɗan haura mil 1,000, kwana bakwai zuwa goma, kuma iska mai sanyi daga kudu tana ratsa hanyar kusan kowane mako. Da wuya ka kauce mata, abin da ake nema shi ne a gamu da ita tun ana arewa inda ba ta da ƙarfi sosai. Shi ya sa jirage suke fakewa a cikin murjanin Minerva suna jiran dama. A Yunin 1994 guguwa ta rutsa da ayarin jirage a wannan ruwa, aka kwashe mutane daga jirage da dama, mutum uku suka salwanta.

Mai karatu da ke da sha'awar wannan tafiya, ba sai ka mallaki jirgi ba. Kowane ƙaramin jirgi da zai ratsa mashigin Panama sai da mutum huɗu masu riƙe igiya ban da kyaftin, kuma da yawa daga masu jiragen suna neman abokin gadi zuwa Markesas. Fara da koyon tuƙi a ruwan gaɓa, ka yi zangon kwana biyu ko uku ka ga yadda jikinka yake ɗaukar teku. Kafin ka hau jirgin kowa, tambaye shi shekarun wayoyin ginshiƙinsa, ranar da aka duba kwalekwalen cetonsa, da lita nawa na ruwa ya ɗauka. Ka kuma nemi biza tun kana gida, domin bizar Shengen ba ta shigar da mutum Folinesiya ta Faransa, tata daban ake nema a ofishin jakadancin Faransa.